Buji Biyar a Unguwar Birni

A wani gida na unguwar Birni, cikin garin Damagaram, an wayi gari wata Laraba ta watan Agusta matar gidan tana wanke rairayi. Wanda duk ya leƙo ya gan ta durƙushe gaban bokiti, tana tsame tsakuwa da ƙaiƙayi daga yashin da ruwan sama ya tara a bakin lungu, tana shanya shi bisa buhu, sai ya ɗauka gini za a yi. Gato ne za a gasa. Washegari Alhamis ɗiyar gidan za ta cika shekara biyar da haihuwa, gidan kuwa ba shi da tanderu irin na masu burodi, balle na gas ko na lantarki.

Gato, ga wanda bai san shi ba, abin marmari ne da ake yi da garin alkama da ƙwai da sukari da mai, a gasa shi ya kumbura ya yi laushi kamar soso. Daga Faransanci aka aro sunan. A Najeriya kek ake ce masa. A Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai shagunan da ke sayar da shi, an lulluɓe shi da farin kirim, an rubuta sunan yaro bisa kansa, amma kuɗin guda ɗaya ya isa cefanen kwanaki a gidan ƙaramin ma'aikaci. Maigidan nan mushen lakwal ne, albashinsa kuwa sananne ne. Matarsa ba ta shiga lakwal ba tana ƙarama. Sai bayan aure ta bi ajin yaƙi da jahilci, ta fito tana karatu da rubutu da Hausa, tana kuma lissafi. A ƙarshen kayen da ta yi karatun da shi ne ta rubuta yadda ake haɗa gato, daga bakin wata ungozoma ta gidan awon yara.

Tun ranar da aka fara zancen, uwar maigida, wadda ke zaune tare da su, ta nuna ba ta so. Ta ce ita ba ta taɓa jin an ƙirga wa yaro shekaru gaban jama'a ba kamar ana ƙirga awaki, baki kuwa abin tsoro ne. Ta ce kuma ƙwai ba abincin yara ba ne, yaron da ya saba da cin ƙwai ɓarawo yake zama. Wannan camfi tsoho ne, har yau yana da ƙarfi a karkara, ko da yake ma'aikatan lafiya sun daɗe suna bayyana cewa ƙwai yana cikin abincin da ya fi gina jikin yaro. Mai yiwuwa asalinsa dabara ce ta manya, don kada yara su wawushe akurki kafin kaza ta ƙyanƙyashe. Tsohuwar dai tana da nata dalilin na aljihu, domin da damina tana sayen ƙwan zabi hannun mutanen ƙauye, ta dafa, a kai mata tasha a sayar.

Sai kuma maganar addini. Malamai sun rabu a kan bikin ranar haihuwa: wasu sun hana, suna cewa koyi ne da abin da Musulunci bai zo da shi ba, wasu kuma suna ganin ba laifi muddin godiya ce ga Allah, ba almubazzaranci, ba shashanci. Maigida ya auna maganganun biyu, ya yanke cewa da safe za a yi masa a raba wa almajirai sadaka, a yi wa yarinya addu'a. Da la'asar kuma uwarta ta ba yaran unguwa abin da ta gasa.

Tsohuwa ba ta yi ƙarya ba da ta ce abin baƙo ne. Bahaushe ya san ranar suna, da rago da aski da goro. Ya san yaye, ya san kaciya, ya san saukar Alƙur'ani da aure, kuma yana da kayan zaƙi na manyan ranakunsa, su alkaki da nakiya da dubulan. Zagayowar ranar haihuwa ce ba ta cikin lissafinsa. Sunan rana yana riƙe ranar mako: Ladi, Talatu, Balaraba, Lami, Jummai, Asabe. Wani sunan yana riƙe lokaci: Azumi, Tasalla, Marka, Anaruwa. Amma shekara sai a rataya ta ga wani babban al'amari da kowa ke tunawa. Ita tsohuwar, abin da ta sani shi ne tana goye aka sami mulkin kai a shekara ta 1960. Ɗanta kuma ta haife shi cikin yunwar 1984, wadda mutane suka laƙaba wa El Buhari. Wane wata ne? Ta ce ana sanyi.

Daga nan ne aka sami waɗannan kalmomi biyu na Faransanci da kowane ma'aikacin ƙasar nan ya sani, « né vers », watau an haife shi wajen shekara kaza. Ba talaka kaɗai suka bi ba. Bubu Hama kansa, babban marubuci, wanda ya shugabanci Majalisar Dokoki har zuwa 1974, wajen shekara ta 1906 kawai ake cewa an haife shi. Shi ma mushen namu haka takardarsa take. Ranar da aka zo ɗaukar yara lakwal, aka ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne. Ya taɓo, aka rubuta shi, daga baya kotu ta yi masa takardar da ke maye gurbin ta haihuwa. Da wannan shekarar ta ƙiyasi ya yi jarrabawa, da ita aka ɗauke shi aiki, da ita kuma za a lissafa masa ranar ajiye aiki. Mutumin da bai san ranar haihuwarsa ba, ba shi da ranar da za a kunna masa buji.

Al'amarin ya fara sauyawa. Binciken ƙasa a kan jama'a da lafiya na shekara ta 2006 ya nuna yara ƴan ƙasa da shekara biyar kashi 32 cikin 100 ne aka rubuta haihuwarsu. Na shekara ta 2012 ya sami kashi 64. Dokar da aka kafa a 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa ga hukuma. Yarinyar Birni a gidan haihuwa aka haife ta, uban kuma bai bari an yi suna ba sai da ya je ma'aikatar magajin gari. Takardarta tana cikin leda, cikin akwatin ƙarfe, da rana da wata da shekara.

To, me ya sa sai shekara biyar, ba uku ba, ba huɗu ba? Uwar ba ta son wannan tambaya. Kafin yarinyar ta haifi namiji, ɗan fari, wanda har yau ba ta kama sunansa. Ya yi wayo, ya fara magana, an yaye shi. A daminarsa ta uku zazzaɓi ya kama shi da dare, aka tsaya jiƙe-jiƙe kwana biyu, ko da aka kai shi likita lokaci ya ƙure. Wannan labari ba na gida ɗaya ba ne. Binciken 1992 ya nuna cikin yara 1000 da aka haifa da rai a Nijar, 318 ba sa kaiwa shekara biyar, kusan ɗaya cikin uku kenan. A 2006 adadin ya sauko zuwa 198, a 2012 zuwa 127. Rigakafi da gidan sauro da ƙananan gidajen likita na ƙauyuka sun taimaka, haka nan shawarar da gwamnati ta yanke a 2006 ta kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Duk da haka, sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Barmani, waɗanda ake sa wa ƴaƴan wabi don mutuwa ta kau da kai, ba su ɓace daga rajistar lakwal ba. A wurin awo ne uwar ta ji cewa yaron da ya haye shekara biyar ya fita daga mafi hatsarin shekarun ƙuruciya. Ta riƙe maganar, ta shiga ƙirga watanni a kayenta ba ta gaya wa kowa ba.

Mako guda kafin ranar ta yi gwaji, gwajin kuwa bai yi kyau ba. Ta karɓi ƙwan zabi huɗu bashi hannun surukarta. Ba ta da garin tashi, sai ta ce ai kanwa ma tana sa abu ya kumbura, ta jiƙa ta zuba da yawa. Ta hura wuta sosai ƙarƙashin tukunya, ba ta sa kome bisa murfi ba, kuma don ɗoki ta buɗe ta leƙa har sau uku. Abin da ya fito ƙasansa baƙi ƙirin, tsakiyarsa ɗanye, launinsa ya koma ja-ja, yana ɗaci yana warin sabulu. Tsohuwa ta dube shi ta ce: « Ke yarinya, wannan ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. » Akuya ce ta rufa asiri.

Tunanin kanwa ba wauta ba ne, awo ne ya ɓace. Garin tashi, wanda ake tambaya a kanti da sunansa na Faransanci, levure chimique, haɗi ne na abu biyu: ɗaya ɗan'uwan kanwa ne, ɗaya kuma mai tsami. Muddin suna bushe ba abin da ke faruwa. Da sun sha ruwa suka ji zafi sai su fitar da iska, irin wadda ke tasowa in an buɗe kwalbar lemo. Iskar ta maƙale cikin kwaɓi ta zama ƙananan kumfa, zafi ya buɗa su, sannan ƙwai da gari su daskare kewaye da su. In an buɗe murfi kafin su daskare, sanyi ya shiga, kumfa ta sace, gato ya zauna. Kanwar kasuwa kuwa ba a san ƙarfinta ba, in ta fi tsamin da ke cikin kwaɓi yawa, ragowar ita ce ke kawo ɗaci. Wani mai harhaɗa magani na birnin Birmingham a Ingila, Alfred Bird, shi ya haɗa irin wannan gari a shekara ta 1843, saboda matarsa ba ta jure yis ɗin burodi. A 1893 wani mai sayar da magani a Jamus, August Oetker, ya fara ƙulla shi cikin ƴan takardu, kowace daidai da rabin kilo na gari. Irin wannan ƙulli ne har yau ke rataye a kantunan kasuwar Dole.

Al'adar bujin ma daga Jamus ta bazu. An rubuta cewa a 1746, wurin bikin wani basarake mai suna Zinzendorf, an kawo ƙaton gato da aka huda gwargwadon shekarunsa, aka kafa kyandir a kowane rami. Da daɗewa abin na masu hali ne, sai da sukari da gari suka yi arha a Turai sannan ya shiga gidan talaka. Nan ƙasar ma ta gidajen ma'aikata ya shigo, wayar hannu kuma ta ƙara masa gudu, domin kowa yana ganin hoton na wani. Garin alkamar kansa yawanci daga waje ake kawo shi. Wadda ake nomawa a lambunan Ayar da fadamun Ƙonni da bakin Komadugu ba ta kai ko'ina ba.

Ran Alhamis, bayan an sallami almajirai, uwar ta buɗe kaye ta ɗora dutse bisa shafin don kada iska ta juya shi. Ba ta da sikeli, don haka ƙaramin gwangwanin madara ya zama ma'auninta, kuma da shi kaɗai ta auna kome: gwangwani ɗaya na kindirmo, ɗaya da rabi na sukari, uku na gari, rabi na man gyaɗa, sai ƙwan zabi huɗu, rabin ƙullin garin tashi da ɗan gishiri a bakin yatsu. Ungozoma gwangwani biyu na sukari ta faɗa mata, ita ta rage, ta ce haƙoran yara ne za su biya. Wannan karon da kuɗinta ta sayi ƙwan, ta kuma biya bashin makon jiya. Ta jefa su cikin ƙwaryar ruwa ɗaya bayan ɗaya: wanda ya nutse ya kwanta sabo ne, wanda ya taso bisa ruwa bara-gurbi ne. Kowane ta fasa shi a ƙoƙo dabam kafin ta juye, domin ƙwai ɗaya ruɓaɓɓe ya isa ya ɓata kwano duka. Ƙwan zabi yana da taurin ɓawo, sai an buga shi da gaske.

Ta kaɗa ƙwai da sukari da maburgin miya wanda ta wanke da toka don kada ƙamshin daddawa ya bi. Nan ne aikin yake. Ta kaɗa har hannu ya gaji, ta sake hannu, har ruwan ya yi fari-fari ya yi kauri yana kumfa. Ta zuba kindirmo da mai. Garin kuwa ta tankaɗe shi sau biyu tare da garin tashi, ta riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan tana juyawa a hankali da cokali, ta tsaya da zarar gudaji sun ɓace. Garin alkama ba na tuwo ba ne da ake tuƙawa da ƙarfi: in aka matsa masa sai ya yi danƙo, gato ya fito da tauri kamar gurasar jiya. Ta kankare bayan lemun tsami ɗaya ta zuba don ƙamshi. Kwanon gashin tsohon kwanon silba ne marar hannu, ta shafe shi da mai, ta barbaɗa gari, ta juye kwaɓin bai wuce rabinsa da kaɗan ba.

Tanderun kuwa babbar tukunyar dalma ce ta biki, wadda aka aro daga maƙwabta. Ta zuba busasshen rairayi kaurin yatsu uku, ta rufe, ta ɗora bisa murhun gawayi tun kafin ta fara kaɗa ƙwai. Duk macen da ta taɓa soya gyaɗa cikin yashi ta san amfaninsa: yana shan zafi ya riƙe, ya raba shi daidai, ba ya barin harshen wuta ya ci gefe guda. Littattafan girki suna cewa gato digiri 180 yake so. Ita ma'aunin zafinta murfin gwangwani ne da ɗan gari a kai: ta ajiye shi cikin tukunya, bayan kamar minti biyar ta duba, ya yi launin soyayyar gyaɗa. Da ya ƙone nan take, da sai ta rage wuta. Ta jera ƙananan duwatsu uku bisa rairayi, ta ɗora kwano a kansu, ta rufe, ta kwashe rabin garwashin ƙasa ta baza bisa murfi. Wuta sama, wuta ƙasa, kuma ta ƙasa ba ta fi ta sama ba. Ta karɓi agogon maigida ta ajiye gabanta.

Minti goma sha biyar da rufewa hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta taso tana kwasar toka daga murfi. Yayar maigida, wadda ta zo taya aiki, ta ce a shigar da murhu ɗaki a rufe ƙofa. Uwar ta ƙi, ta kuwa yi daidai, domin gawayi mai ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kisa. Su biyu suka kama murhu da tsumma, suka kai shi ƙarƙashin rumfar kwano, suka kare gefen iska da tabarma. Tsohuwa, wadda tun safe take zaune nesa kamar abin bai dame ta ba, ita ce ta taso da faifai ta zauna bakin murhu, tana gyara garwashi da tsinke. Ta ce ba don gato take yi ba, gawayin ɗanta take jin tausayi.

Ba a buɗe ba sai da minti talatin da biyar suka cika. Ƙamshi ya riga ya kai zaure. Uwar ta ɗaga murfi a karkace don kada toka ta zuba, ta soka tsinken tsintsiya wankakke a tsakiya, ya fito da ɗan danshi. Ta mayar da murfi, ta ƙara minti goma. Karo na biyu tsinke ya fito a bushe. Gato ya taso har bakin kwano, ya tsage kaɗan a sama, gefe guda ya fi ɗaya duhu. Ta bar shi ya huce kafin ta kife shi bisa faranti. Ba ta yi kirim ba, don a zafin Damagaram man shanu ba ya tsayuwa in babu firiji. Ta dafa sukari kaɗan da ruwan lemun tsami ta shafa, ta barbaɗa dakakkiyar gyaɗa, ta kewaye shi da dabino da aka cire wa ƙwallo.

Bayan la'asar ruwa ya ɗauke. Yara goma sha huɗu suka zauna bisa tabarma, ban da na goye. Aka fito da yarinya da sabon kitso da lalle, tana noƙewa bayan zanen uwarta. Uban ya kafa buji biyar, ya kunna, ya sa yara su ƙirga da Hausa sannan da Faransanci, halin mushe ba ya ɓuya. Waɗanda suka shiga lakwal suka rera waƙar da suka koya. Aka ce ta hura. Ta hura, uku suka mutu, ta tsorata ta fashe da kuka. Wani ɗan maƙwabta ya yi wuf ya kashe sauran biyun, aka yi ta dariya. Uwar ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗan jima, ta fito da wuƙa, idanunta jajur, ta ce hayaƙi ne.

Gato ɗaya ga baki ashirin, kowa yanka kamar yatsu biyu ya samu. Tsohuwa ta ce ba ta ci. Yarinya ta kai mata nata har bakin ƙofa, ta tsaya. Tsohuwa ta ce: « Kishiya, yau kuma da me kika zo mini? Guba ce? » Ta gutsura, ta tauna a hankali, ta ce sukari bai ji ba. Ragowar ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce za ta kai wa ƙawarta ta unguwar Zango ta ga abin da ake yi da ƙwan zabi yanzu.

Da dare maigida ya tuna wa matarsa wani abu. Kulawar kyauta ta ƴan ƙasa da shekara biyar ce. Haka maganin rigakafin zazzaɓin damina, wanda aka fara rabawa a Nijar a 2013, an tsara shi ne domin yara daga wata 3 zuwa wata 59. Daga yau yarinya ta fita daga lissafin, sauro kuwa bai san takardar haihuwa ba. Uwar ta ce ta sani. Ta ɗauko allura ta ɗinke wata ƴar huda da ta gani a gidan sauro, ta kuma ce daga albashin wannan wata a riƙa ware wani abu a gwangwani saboda likita.

Washegari, da ta mayar da tukunya, maƙwabciyar ta riƙe ta. Ta ce ita ma tana so a gasa wa ɗanta, a karanta mata abin da ke cikin kaye. Uwar ta ce: « To, Yaya, wace rana ce? » Maƙwabciya ta yi shiru, ta ce ran Talata ne dai, ana girbin gero, shekarar da aka yi wa ƙanenta aure. Suka shiga ɗaki suka zazzage kwalla, suka sami katin awo wanda ruwa ya taɓa, an rubuta wata da shekara, wurin ranar ya goge. Takardar haihuwa babu. Yaron kuwa baɗi zai shiga lakwal. Suka yi alkawari ran Litinin da safe su tafi ma'aikatar magajin gari tare, su tambayi hanyar da ake bi. Rairayin kuma uwar ta bar mata shi cikin buhu, ta ce a ajiye inda ruwa ba ya taɓawa.